HDD, SSD, memori ko rumbun intanet: ina ya kamata hotuna da bidiyonka su zauna?

Yawancin mutane ba sa tunanin wurin ajiya sai ranar da waya ta ƙi ɗaukar hoto, ta ce wuri ya cika. Kuma yanzu cikar ba ta da wuya. Bidiyon 4K na minti ɗaya a iPhone yana cin kusan MB 170, idan kuma aka ɗaga shi zuwa hoto 60 a daƙiƙa sai ya kai wajen MB 400. Awa ɗaya ta irin wannan, GB 24 ta tafi. Haɗa da hotuna, saƙonnin murya, takardun aiki da bidiyoyin da ake turowa a zaurukan WhatsApp, sai ka ga waya mai GB 128 tana nishi kafin ta shekara biyu.

Wuraren da za a kwashe kayan guda huɗu ne: faifan HDD na waje, SSD, filashi ko katin memori, sai kuma rumbun intanet irin Google Drive, iCloud da OneDrive. Tambayar da aka fi yi ita ce wanne ya fi kyau. Mu a ganinmu tambayar da ta fi amfani ita ce ta wace hanya kowannensu yake mutuwa, domin babu wanda ba ya mutuwa a cikinsu. Wanda ya san hanyar mutuwar kowanne, shi zai iya haɗa biyu da abu ɗaya ba zai kashe su rana ɗaya ba.

HDD: rumbu mai faɗi, amma ba ya son jijjiga

A cikin HDD akwai faranti ɗaya ko fiye masu rufin maganaɗisu, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti. A kan kowane faranti akwai wani hannu mai ɗan kai a bakinsa, shi yake karatu da rubutu. Kan nan ba ya taɓa farantin, yana shawagi ne a kan iskar da juyawar take haifarwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi siranta sau dubbai. Tsohuwar fasaha ce, tun 1956 kamfanin IBM ya fito da na farko, kuma har yau a cikin huɗun nan babu abin da ya kai ta arahar wuri idan aka kwatanta kuɗi da yawan abin da za ta ɗauka.

Daga wannan ƙira duk rauninsa ya fito. Idan faifan ya faɗo daga kan tebur yana cikin aiki, kan zai daki farantin ya kankare rufin, kuma abin da ke wurin ya tafi ke nan. Faɗuwa lokacin da yake kashe ta fi sauƙi, saboda hannun yana komawa ya fake a gefe, amma ita ma ba abin gwaji ba ce. Don haka kada ka ɗaga shi ko ka ja shi yana kwafi, kuma kada ka bar shi yana lilo a jikin kebul.

Iri biyu ne a kasuwa. Ƙaramin, mai inci 2.5, yana shan wuta daga kafar USB kai tsaye, kuma yawanci daga TB 1 zuwa TB 5 ake samunsa. Babban, mai inci 3.5, yana buƙatar nasa abin jona wuta na bolt 12, yana zaune ne wuri ɗaya, amma ya fi ɗaukar kaya nesa ba kusa ba. Gudunsu tsakanin MB 100 zuwa 200 ne a daƙiƙa idan fayil ɗin babba ne. Idan ƙananan fayiloli ne dubbai, kamar hotunan WhatsApp, gudun yana faɗuwa ƙasa sosai, domin hannun sai ya yi ta kai-komo yana neman wuri.

Akwai wani abu da ba a cika rubutawa a jikin kwali ba. Da yawa daga ƙananan faifan nan suna amfani da tsarin rubutu da ake kira SMR, inda ake ɗora gefen kowane layi a kan gefen na kusa da shi, kamar yadda ake jera kwanon rufi. Wannan yana ƙara wuri, amma gyara layi ɗaya yana tilasta sake rubuta maƙwabtansa. Shi ya sa za ka ga kwafi ya fara da gudu, bayan an zuba GB masu yawa sai ya koma rarrafe. Faifan bai lalace ba, halinsa ne. Ga ajiyar da za a zuba a bari, SMR ba shi da laifi. Ga aikin da ake rubutawa ana gogewa kullum, nemi mai tsarin CMR, wanda layukansa ba sa hawa kan juna.

Kyawun HDD shi ne sau da yawa yana yin gargaɗi kafin ya mutu. Za ka ji yana ƙas-ƙas, ko folda ta daɗe ba ta buɗe ba, ko kwafi ya tsaya cak a wani fayil. Manhajar CrystalDiskInfo a Windows, wadda kyauta ce, tana karanta rahoton lafiyar da faifan yake ajiyewa da kansa. Duba layuka uku: mai lamba 05, wato gurabun da suka lalace aka sauya su, da C5, gurabun da ake shakkar su, da C6, waɗanda suka gagara karantuwa. Idan ɗaya daga ciki ya tashi daga sifili kuma yana ƙaruwa, kwashe kayanka a ranar. Kamfanin ajiyar intanet na Backblaze, wanda yake da faifai dubu ɗaruruwa kuma yake wallafa alƙaluman mutuwarsu, yakan samu tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari suna mutuwa a shekara. Wannan fa a ɗakuna masu sanyi ne inda babu mai jefa su a jaka.

Wani abin lura: sau da yawa ba faifan ne yake fara lalacewa ba, bakin da ake soka kebul ne yake girgiɗewa. A wasu samfura ana iya fasa gidan a ciro faifan a sa shi a sabon gida. A wasu kuwa an manne bakin USB ɗin a jikin allon faifan kansa, sai dai mai gyara. Kafin ka yanke hukuncin faifai ya mutu, gwada wani kebul da wata kafa tukuna.

SSD: gudu da juriya, sai dai mutuwar fuju'a

SSD ba shi da abin da yake motsi. Yana riƙe bayanai ne a matsayin cajin lantarki da aka kulle a cikin ƙananan ɗakuna biliyoyi, da wani guntu mai sarrafawa da yake lura da inda komai yake. Faɗuwa daga tebur ba ta cika yi masa komai ba, ba ya ƙara, kuma bai fi akwatin ashana girma da yawa ba.

Wajen gudu ne ake yawan ruɗar mai saye. SSD na ciki mai haɗin SATA yana tsayawa a wajen MB 550 a daƙiƙa. Mai sabon haɗi da ake kira NVMe yana kai MB 3,500 a kwamfuta mai mahaɗar PCIe 3.0, ya kai wajen 7,000 a mai PCIe 4.0. Amma idan na waje ne, kafar USB da kebul su suke yanke hukunci. USB 2.0 ba ya wuce MB 40. Kafa mai gigabit 5 tana ba da wajen MB 400, mai gigabit 10 tana ba da wajen 1,000. Kebul ɗin USB-C da yake zuwa da cajar waya sau da yawa gudun USB 2.0 gare shi, ko da bakinsa iri ɗaya ne da mai sauri. Mutum zai sayi SSD mai gudu, ya jona shi da igiyar caja, ya zauna yana zagin kamfani. Wayoyi da dama ma kafar tasu USB 2.0 ce a ciki.

Tsoron da aka fi yaɗawa game da SSD shi ne yana ƙarewa da yawan rubutu. Gaskiya ne kowane ɗaki yana da iyakar sau nawa za a goge shi a sake rubutawa, kuma yawan abin da aka cusa a ɗaki ɗaya yana rage wannan iyaka: nau'in TLC yana riƙe bit 3 (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta) a kowane ɗaki, nau'in QLC yana riƙe 4, don haka QLC ya fi araha kuma ya fi saurin gajiya. Amma duba lissafin. Samsung 870 EVO mai TB 1 an ba shi iyakar rubutu TB 600. Wanda yake rubuta GB 50 kullum ba fashi sai ya haura shekara 30 kafin ya kai wurin. Ga mai ajiye hotuna wannan tsoro ba shi da tushe.

Abubuwan tsoron na gaske guda uku ne. Na farko, idan guntun sarrafawar ya mutu, ba ƙara ba gargaɗi, jiya yana aiki yau kwamfuta ba ta ma ganinsa, kuma ciro bayanai daga SSD irin wannan ya fi na HDD wuya sosai. Na biyu, cajin da ke cikin ɗakunan yana yoyo a hankali idan an bar shi babu wuta. Ƙa'idar JEDEC, hukumar da take tsara ma'aunin irin waɗannan na'urori, ga SSD na talakawan masu amfani ita ce, wanda ya cinye iyakar rubutunsa ya iya riƙe bayanai shekara ɗaya a kashe a zafin digiri 30. Sabo yana daɗewa fiye da haka, amma zafi yana gaggauta yoyon. Wato SSD ba abin da za ka cika ka jefa a akwati ka manta shekara biyar ba ne. Na uku, akwai umarnin da ake kira TRIM, wanda yake sa SSD ya share gurbin abin da ka goge tun kafin a buƙaci wurin. A HDD fayil ɗin da aka goge yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. A SSD mai TRIM, kuskuren gogewa sau da yawa ba ya gyaruwa.

Ra'ayinmu a nan a fili yake: SSD wurin aiki ne. Idan kana tace bidiyo, ko kana yawo da fayiloli tsakanin kwamfutoci, ko tsohuwar laftof ɗinka tana jan ƙafa, babu abin da ya kama ƙafarsa. Amma wanda ya sayi SSD ɗaya ya kwashe komai a kai ya goge na waya, yana ganin ya sayi mai tsada don haka ya huta, bai ƙara wa kayansa tsaro ba ko kaɗan. Wuri kawai ya sauya musu.

Filashi da memori

Waɗannan 'yan aike ne, ba masu gadi ba. Fasaharsu ɗaya da ta SSD, amma galibi da ɗakuna marasa inganci da guntun sarrafawa mai rauni, kuma ba su da rahoton lafiya da za ka duba. Ga saurin ɓata, ga shiga wanki a aljihu.

Babbar masifarsu jabu ce. Ana ɗaukar kati mai GB 8 ko 16 a sauya masa bayanin kansa ya riƙa cewa shi GB 512 ne. Zai karɓi duk abin da ka zuba, sunayen fayilolin za su fito daidai, amma da ya wuce ainihin girmansa sai ya riƙa zubar da sabon ko ya rubuta shi a kan tsohon. Ba za ka gane ba sai ranar da ka buɗe hotuna ka tarar da su toka-toka. Arha ba ta ado. Duk sabon kati ko filashi, kafin ka zuba masa komai, gwada shi da H2testw a Windows ko F3 a Mac da Linux. Manhajar tana cika shi taf sannan ta karanta ta ga ko abin da ta rubuta ya dawo. Zai ɗauki awa ɗaya ko fiye, amma a nan ne asirin jabu yake tonuwa.

Idan don kyamara ne, duba alamar gudu a jiki: Class 10 yana nufin aƙalla MB 10 a daƙiƙa, U3 ko V30 yana nufin 30, kuma shi ne mafi ƙarancin da ya dace da 4K. Idan filashi ya ƙi karɓar fayil yana cewa ya yi girma alhali akwai wuri, tsarin FAT32 ne a kansa, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai GB 4. Kwashe abin da ke ciki, ka yi masa fomatin zuwa exFAT.

Rumbun intanet: ba ya faɗuwa, amma makullin ba a hannunka kaɗai yake ba

Abin da ake kira ajiyar gajimare kwamfutocin wani kamfani ne a wani gini, inda ake riƙe kwafin fayil ɗinka a faifai fiye da ɗaya. Wannan ya magance duk matsalolin da muka lissafa a sama. Sata, gobara, ruwa ko faɗuwa a wurinka, babu wanda ya shafe shi. Kuma shi kaɗai ne a cikin huɗun yake aiki da kansa ba sai ka tuna ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne, domin faifan waje sau da yawa akan yi watanni ba a jona shi ba.

Na kyauta ba shi da yawa. Google yana ba da GB 15, kuma Gmail da Drive da Photos ne suke rabawa, har da kwafin WhatsApp na wayoyin Android da yanzu ake lissafawa a ciki. iCloud GB 5, OneDrive GB 5, Dropbox GB 2. Abin da ya wuce nan biya ne wata-wata ko shekara-shekara, kuma ba ya ƙarewa. Faifai sau ɗaya ake saye, rumbun intanet haya ne. Ga mai GB 50 ko 100 hayar tana da ma'ana. Ga mai TB biyu ko uku na bidiyo, kuɗin 'yan shekaru ya isa sayen faifai fiye da ɗaya.

Sai lokaci da data. A gudun ɗorawa na megabit 10 a daƙiƙa, GB 100 yana ɗaukar kusan awa 22. TB 1 ya haura kwana tara ba tsayawa. Kuma ranar da kake son kayanka su dawo, sai ka sake sauke su duka.

Kuskuren da ya fi cinye hotunan mutane a nan shi ne rashin bambance madubi da ajiya. iCloud Photos da Google Photos da foldar OneDrive madubi ne: abin da ka yi a nan shi zai faru a can. Mutum zai ga hotunansa sun hau, sai ya bi su yana gogewa a waya don ya sami wuri, bai san yana goge na rumbun ba ne. Akwai kwandon shara da yake riƙe su na ɗan lokaci, kwana 30 a iCloud da Google Drive, bayan nan shi ke nan. Hanyar da ta dace a Google Photos ita ce maɓallin "Free up space", wanda yake cire na waya kawai ya bar na rumbu. A iPhone kuma a kunna "Optimize iPhone Storage", sai wayar ta riƙe ƙananan kwafi, manyan su zauna a iCloud. Haka nan idan fayil ya lalace a kwamfuta, ko manhajar 'yan garkuwa da fayiloli ta kulle shi, madubin zai ɗauki lalataccen ya kai sama. Abin da zai cece ka a nan shi ne tarihin tsofaffin kwafi da wasu rumbunan suke riƙewa, shi ma galibi na kwana 30.

Duba ingancin da ake ɗorawa kuma. Google Photos yana da zaɓin tsimin wuri da yake matse hoto zuwa megafiksel 16, bidiyo zuwa 1080p. Idan ka zaɓe shi sannan ka goge na waya, 4K ɗinka ba zai dawo ba.

Sai maganar asusu. Duk abin da ke rumbun yana rataye da kalmar sirri ɗaya da lambar waya ɗaya. Layi ya ɓata, an manta kalmar sirri, ko wani ya yaudare ka ya karɓi lambar tabbatarwa, kayanka suna nan lafiya amma kai kana waje. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, sannan ka fitar da lambobin ko-ta-kwana: Google yana ba da guda 10, kowace mai amfani sau ɗaya. Rubuta su a takarda, kada ka ajiye su a cikin asusun da za su buɗe. Ka kuma sani cewa tun Disamba 2023 Google ya fara aiki da dokar da ta ba shi damar goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Idan kuma wurinka ya cika ka daina biya, ba hotuna kaɗai za su daina hawa ba, Gmail ma zai daina karɓar saƙo.

Kamfanoni kuma suna sauya ra'ayi. Google Photos ya daɗe yana ba da wuri kyauta ba iyaka, ya rufe wannan ƙofa ranar 1 ga Yuni 2021. Flickr ya mayar da asusun kyauta zuwa hoto 1,000 a 2019. A shekarar ce MySpace ya amsa cewa waƙoƙi da hotunan da mutane suka ɗora cikin shekaru masu yawa sun salwanta wajen sauya na'urori. Amazon Drive ya rufe a ƙarshen 2023. Megaupload kuwa hukumomin Amurka ne suka rufe shi a Janairu 2012, masu laifi da marasa laifi duk suka rasa hanyar kayansu dare ɗaya. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare ita ce mayar da shafukan zumunta ma'ajiya: "ai suna Facebook ɗina", ko mutum ya buɗe zaure shi kaɗai a WhatsApp yana tura wa kansa. Waɗannan wurare suna matse hoto su rage shi, kuma sukan cire bayanin ranar ɗauka da ke maƙale a cikinsa. Abin da za ka sauke daga baya inuwar na asali ce. Idan dole sai ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda, zai tafi yadda yake, har zuwa GB 2. Telegram ya fi su dacewa da wannan, yana karɓar fayil har GB 2 kuma yana riƙe shi a na'urorinsa, amma babu alƙawarin ajiya tsakaninku, kuma asusun yana goge kansa idan ka daɗe ba ka shiga ba, gwargwadon wa'adin da ke cikin saitinka.

To wanne za a ɗauka?

Masu sana'ar hoto suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Ba kowa zai iya cika ta ba, amma ko rabinta ya fi abin da yawancin mutane suke yi.

Idan waya kawai gare ka kuma kayanka ba su kai GB 100 ba, rumbun intanet shi ne na farko, a ingancin asali, sannan duk wata biyu ko uku ka kwafe foldar DCIM, inda waya take ajiye hotunan kyamara, zuwa filashi mai bakin USB-C ko ƙaramin SSD. Rabin aikin ma shara ce: kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, za ka yi mamakin wurin da zai dawo.

Idan kana da kwamfuta da kaya tsakanin GB 200 zuwa TB 2, sayi HDD na waje mai ninki biyu na abin da kake da shi yanzu. Ka tuna faifan TB 1 zai nuna GB 931 a Windows. Ba cuta ba ce, bambancin ƙirga ne tsakanin kamfani da kwamfuta. Sannan ka ware abin da ba ya maimaituwa, wato hotunan iyali, takardun shaida da aikin hannunka, ka ɗora su a intanet. Fina-finai da manhajojin da za a iya sake saukewa ba su cancanci haya ba.

Idan bidiyo ne sana'arka, SSD don aikin da ke hannu, HDD biyu don abin da aka gama, kuma kada su kwana a jaka ɗaya ko ɗaki ɗaya. Idan kuɗin na SSD babba ɗaya ne ko HDD biyu, ɗauki HDD biyun. Kada ka goge katin kyamara sai abin da ke kansa ya zauna a wuri biyu.

Wajen fomatin, NTFS idan Windows kaɗai kake amfani da shi, APFS idan Mac kaɗai, exFAT idan kana haɗa su ko kana jonawa a waya. Mac yana karanta NTFS amma ba ya rubutu a kai sai da ƙarin manhaja, Windows kuma ba ya gane APFS. Sai dai exFAT ba shi da kariya daga katsewar rubutu kamar sauran biyun, don haka fizge kebul ana cikin rubutu ya fi saurin birkita shi. Riƙa danna cirewa lafiya kafin ka zare.

Wajen kwafin kansa, kwafa za ka yi, kada ka yanke ka liƙa, domin idan aikin ya katse a tsakiya za ka rasa sanin me ya tafi me ya rage. Bayan an gama, gwada adadin fayiloli da girman folda a ɓangarorin biyu, ka buɗe wasu bidiyoyi ka ja su har ƙarshe. Time Machine a Mac da File History a Windows suna yin wannan aiki da kansu, FreeFileSync kuma yana kwafe abin da ya sauya kawai. Da an gama, zare faifan ka ajiye. Wanda yake jone kullum, duk abin da ya sami kwamfutar, ko ƙwayar cuta ko tartsatsin wuta, zai same shi. Idan akwai takardun sirri a kai, kulle shi da BitLocker ko VeraCrypt, amma ka san cewa idan kalmar sirrin ta ɓata babu mai buɗe maka.

Ba a fafe gora ranar tafiya: sau biyu a shekara jona faifan, duba rahoton lafiyarsa, ka dawo da folda ɗaya ka ga ko tana buɗewa. Google Takeout kuma yana ba ka damar sauke duk abin da ke asusunka a dunƙule, ka zuba a faifai. HDD da ya kai shekara biyar, ko lafiyarsa ƙalau, a sayo masa magaji ya koma na biyu.

Idan kuwa abin ya riga ya faru, ka goge bisa kuskure ko kati ya ce sai an yi masa fomatin, kada ka amsa masa, kuma kada ka ƙara rubuta komai a kai. PhotoRec da Recuva sukan dawo da fayiloli daga kati da HDD, amma ka sa su zuba abin da suka samo a wani faifai daban. Idan HDD yana ƙas-ƙas, kashe shi nan take, kowace kunnawa tana ƙara kankare farantin. Kada ka buɗe murfinsa, ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar da ke tsakanin kan da farantin girma, kuma kada ka sa shi a firji kamar yadda ake yaɗawa a intanet, raɓar da za ta taru a ciki ƙarasa shi za ta yi. Irin wannan aikin masu ɗaki marar ƙura ne, kuma kuɗinsa yakan ninka na sabon faifai sau da yawa.